Filin Ƙwallo a Kan Hanyar Ruwa

Ranar Talata ce, ranar ruwan Audi, amma har hantsi ya dubi ludayi ko ɗigo bai iso ba.

Yana tsaye a bakin hawasharsa, gonar audugar da aka yanka masa a aikin noman Jazira, kudu da Hartum, shekara goma sha tara da suka wuce, fartanya a kafaɗa, yana duban magudana. A bushe take ƙayau. Audugar ta kai masa gwiwa, ta soma fure, amma ganyen ya saki ya sunkuya kamar kunnen akuya. Baƙar ƙasar nan ta tsattsage, tsagar da mutum zai zura hannu bai taɓo ƙarshenta ba. Kwana goma sha huɗu rabonta da ruwa. In ta ƙara huɗu ko biyar furen zai zube, in fure ya zube babu auduga, manomin da ya bar hawasha ta mutu kuwa karɓe ta ake yi a ba wani. Kuma Bahaushe ba ya samun hawasha sau biyu. Shi ma ɗin albarkacin kakin soja da ya taɓa sawa ne, zamanin yaƙin Turawa.

Tasa ce ta ƙarshe, can a wutsiyar magudanar da ake kira abu ishirin, kuma kafin ruwa ya iso gare shi sai ya ratsa wani fili da aka bari ya huta bana. Audi ya bi magudanar sama yana ɗingishi da ƙafar hagu.

Ihu ya fara ji kafin ya ga kowa.

Sojoji ne. Kwanansu tara ke nan a bayan ƙauyen, mutum wajen ɗari biyu, tun da ruwan ƙarshen damina ya cinye layin dogo a gaba da Sinnar, jirgin ƙasansu ya tsaya a tashar Hajj Abdalla. Kudu za a kai su, inda ake yaƙi. Sun kafa tantuna a hutaccen filin nan, wannan kowa ya sani. Abin da Audi bai sani ba shi ne sun ɗauki shebur sun cike magudanar da ƙasa, tsawon taki sittin, sun baje, sun kafa sanduna biyu nan biyu can. A kan hanyar ruwansa samari ashirin da biyu ke guje-guje da manyan takalma, suna bin ƙwallon fata.

Audi ya shiga tsakiyar filin ya daki ƙasa da fartanya.

"Wa ya toshe wannan?" ya tambaya da Larabci.

Wani shawish mai gashin baki, wato sajensu, ya taho yana huci. "Ya Hajj, fita daga fili! Makaho ne kai?"

"Ruwana ke bi ta nan."

"To ya bi ta wani wuri."

Sojoji suka tuntsire da dariya. Audi ya nuna masa gonar can nesa, ya yi bayanin fure da kwanaki. Shawish ya ce in jirgi ya zo su tafi, ya haƙa abarsa. Yaushe jirgin zai zo? Mako ɗaya, mako biyu, Allah masani. Aka kama shi a hannu aka fitar da shi, ba da mugunta ba, kamar yadda ake janye tsoho daga gaban mota.

Bai zarce ko'ina ba sai gidan Mati, samad ɗinsu, wanda ke tsara wa manoman layin ranakun ruwa. Ya same shi a inuwa kan gadon igiya, tumbi a gaba, yana shan jabana, wato gahawa.

"Ni in tahi wajen masu bindiga?" Mati ya ce. "Ombashi, kai da ka ci wake da su ba su saurare ka ba, sai ni? Mufattish mai duba gonaki kuwa shina birnin Madani, sai sati mai zuwa."

Ombashi, wato kofur, shi ne sunan da ƙauyen ke kiran Audi da shi.

"Ba masussuka sunka roƙa tun farko ba?" Audi ya ce. "Ga ta nan a daɓe, babu komi kanta, dawa sai nan da sati ukku."

"Masussuka tana jikin gidaje. Mun taru mun ce a'a, har da kai a wurin. Soja ɗari biyu a ƙofar matanmu? Ka sha jabana dai, Allah na nan."

Audi bai sha ba. A gida matarsa Hannatu ta ajiye masa kisra, wainar dawa marar kauri, da miyar kuɓewa, ya ci loma biyu ya ture.

"In sunka karɓe hawasha," ta ce a hankali, "sai mu koma cirar audugar wasu, da tsufanmu."

"Ba a karɓa ba tukuna."

"Mi za ka yi?"

"Ban sani ba, Iya. Amma soja na sani."

Washegari da la'asar ya koma, wannan karon ba da fartanya ba. Ya zauna a gefen fili yana kallo kamar kowa. Sai ya ga abin da fushi ya hana shi gani jiya. Yara ne. Da yawansu gemu bai fito ba. Waɗanda ba sa wasa sun jeru suna ihu kamar ransu na cikin ƙwallon, amma da zarar an busa usur an tsaya sai ka ga fuskoki sun koma wani iri, kowa ya zuba wa kudu ido. Akwai wani dogo siriri a cikinsu, mai gudu kamar barewa, shi ke cin yawancin ƙwallayen. Jibirin suke kiransa.

Ana cikin haka wani ƙato ya ɗirka wa ƙwallon takalmi. Aka ji fat! Ɗinki ya ɓalle, robar ciki ta leƙo ta fashe, ƙwallon ya faɗo a saɓule kamar mataccen kwaɗo.

Ƙwallon nan kaɗai gare su. Wani ya zagi ƙaton, ƙaton ya shaƙe shi, nan da nan mutum shida suka kacame, shawish na tsawa babu mai ji.

Audi ya tashi ya ɗauki fatar ya jujjuya ta.

"A kawo mini facin keke da kitse," ya ce da ƙarfi. "Basilla tana aljihuna."

Gidansu dukawa ne tun kakanni, tun kafin su baro Sakkwato, kuma basilla ba ta rabuwa da shi. Ya zauna a ƙasa, ya juya fatar ciki waje, ya manne robar, ya shafa wa zare kitse ya shiga ɗinki biyu-biyu. Faɗa ya mutu. Sojoji suka kewaye shi kamar masu jiran haihuwa. Dogon nan Jibirin ya tsuguna yana riƙe masa bakin fatar.

"Sannu, Baba," ya ce da wata Hausa mai tsamin Larabci.

Audi ya ɗago. "Kai ɗan wa?"

"Ɗan garin Suki. Ubana ma hawasha gare shi. Wallahi ran da anka cike magudana na ce musu ba kyau, sunka ce in yi shiru."

Aka hura ƙwallo da famfon keke, ya tashi ya yi tauri. Ihun da aka yi har ƙauye an ji. Shi ne ya fito da hafsansu daga tanti, Mulazim Abdulmuttalib, saurayi ɗan birni mai tabarau, idanunsa ja don rashin barci. Ya karɓi ƙwallon ya duba ɗinkin.

"Ina ka koyi wannan, ya ammi?" ya tambaya, yana kiransa baffa da Larabci.

"A Kufra, Janabu, cikin hamada, shekara ashirin da uku ke nan. Mu namu na farko safa ce muka cusa wa tsumma. Daga baya na yanka tsohon sirdi na ɗinka mana na fata. Gwangwanin fetur ne sandunanmu. Ni ke tsaron gida."

"Ashe namu ne." Ya sa aka kawo shayi. "Kai ne mai ruwa, ko? An gaya mini."

"Ni ne. Kwana uku suka rage wa audugata."

Mulazim ya cire tabarau ya murje ido. "Zan gaya maka gaskiya don ka san aikin. Kwana huɗun farko a nan, babu fili, babu ƙwallo. Mutum biyu suka gudu, ɗaya ya soki ɗan'uwansa a kan sigari. Suna zaune suna jin labarin waɗanda suka riga su zuwa Kudu. Tun da na ba su filin nan ban rasa ko ɗaya ba. Ƙauyenku sun hana mu masussuka, sauran wurin duk kunya-kunya ne da ƙaya. In na ce su haƙe filin da hannunsu, me zan ba su a madadinsa?"

Audi bai yi musu ba, don ya san gaskiya ce. Ya tuna Alhasan, abokinsa na Kufra, wanda ya yi ta kuka a ɓoye har ran da aka ɗinka ƙwallo, daga nan ya zama mai ba kowa dariya. Alhasan ya ci ƙwallo biyu ran wata Laraba, ran Alhamis motarsa ta taka nakiya. A motar da ke bayanta Audi ya samu ɗingishinsa.

Ya dubi filin. Ya dubi takalman sojojin. Wani abu ya faɗo masa a rai.

"To kada ka ƙwace musu, Janabu. Su sa shi a caca da kansu. Jibi Juma'a bayan la'asar, ku sha ɗaya, mu manoma sha ɗaya. In mun ci, a buɗe magudana. In kun ci, fili naku har jirgi ya zo, ba zan sake zuwa ba."

Dariyar da sojoji suka yi har wasu na faɗuwa. Shawish ya ce su ba manoma ci uku kyauta.

"Ba mu so," Audi ya ce. "Abu ɗaya nake roƙo. Filin nan ya tsage, jiya na ga yaronku ya gurɗe ƙafa a rami. A bar ni in ba shi ruwa ran Juma'a da safe, tsagar ta rufe."

"Tamam," Mulazim ya ce, ya miƙa masa hannu. "Ka ma yi mana alheri."

Jibirin ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi Audi, ya rufe.

Ran Alhamis ƙauye ya ɗauka. Wasu suka ce rana ta taɓa Ombashi. Da ƙyar ya tara mutum goma: samari huɗu da suka taɓa buga ƙwallo a makarantar Hajj Abdalla, sauran kuwa masu ƙarfin noma ne kawai. Na goman Mati ne, wanda ya ce ba zai yi ba sai da Hannatu ta tambaye shi a gaban mata ko samad sunan tumbi ne.

"In na mutu a filin nan," Mati ya ce, "ke za ki riƙe mini 'ya'ya."

"Ba ka mutuwa. Wanda bai gudu ba ya mutuwa."

Audi ya tara su a bayan masallaci. "Doka ukku. Kada ku taɓa shi da hannu. Ku tura shi wajen sandunansu, ba namu ba, Mati, da kai nike. Ta ukku, kowa ya bar takalminsa gida."

Daga nan ya je inda aka cike magudanar, ya soka sanda. Ta shige sumul har rabi. Busassun hoge ne aka zuba aka baje samansu, ba a daɓe ba. Ya gyaɗa kai ya komo.

Da hantsin Juma'a ya buɗe ruwa daga saman magudana. Ruwan ya taho ja-ja-ja, ya daki toshiyar, ya tumbatsa ya bazu a fili. Tsagogi suka sha suka sha, ƙasa ta kumbura ta rufe baki, ta yi baƙi wuluk tana sheƙi. Sojoji suka tsaya suna yabawa, wai ya zama kamar filin Hartum. Zuwa azahar Audi ya rage ruwan, amma bai rufe duka ba.

Jibirin ya same shi a bakin magudanar.

"Baba, ni ɗan hawasha na. Na san abin da baƙar ƙasa ke yi wa takalmi in ta sha ruwa. Na kuma ga ba ka rufe ba."

"To ka tahi ka faɗa."

"Maganar ruwa ba ni faɗi." Ya sunkuyar da kai. "Amma takalma... in sunka fara cin mu, ba ni iya shiru. Da su nike kwana, da su nike tashi."

"Ka yi abin da ya kamace ka, ɗana."

Bayan la'asar ƙauye kaf ya fito, har mata, waɗanda suka tsaya nesa da lulluɓinsu, Hannatu a gaba. Sojoji suka shigo a jere da gajerun wanduna da takalma masu sheƙi. Manoma suka shigo ƙafa tsirara, riguna a ɗaure a ƙugu. Audi ya tsaya tsakanin sanduna, ya tofa a tafin hannu. Mulazim da kansa ya riƙe usur.

Minti biyar na farko sojoji suka yi ta wasa da su kamar kyanwa da ɓera. Jibirin ya zabga wani da Audi ya ture da ƙyar, har ƙafarsa ta amsa. Daga nan ƙasa ta fara aikinta. Kowane taki sai laka ta kama takalmi, wata ta hau kan wata, har kowane soja ya zama yana jan tubali biyu a ƙafa. Ƙaton nan da ya fasa ƙwallo ya ɗaga ƙafa zai buga, takalmin ya tsaya a ƙasa, shi ya tafi da safa. Manoma kuwa a cikin wannan lakar aka haife su. Sun san yadda ake buɗe yatsu a dafe ta, a zame da gangan, a tsaya. Wani ɗan makaranta ya kutsa tsakanin mutum uku da suka kafe kamar turaku, ya tura ƙwallo a raga. Ɗaya!

Mata suka rangaɗa guɗa. Ba a jima ba aka bugo wani sama, Mati na tsaye a gaban gidan sojoji yana haki, bai ma gan shi ba. Ƙwallon ya daki tumbinsa ya gangara ciki. Biyu!

"Da niyya na yi!" Mati ke ihu yana zagaya fili. "Ku shaida, da niyya!"

Aka tafi hutu biyu da babu. Audi ya hango Jibirin a tsakiyar 'yan'uwansa yana magana da hannu, sai ga shi ya zauna yana kwance igiyar takalmi. Ɗaya bayan ɗaya suka bi shi. Shawish ya yi gardama, wai soja ba ya tafiya ba takalmi, amma da ya ga saura shi kaɗai sai ya cire. Ashe rabinsu 'ya'yan manoma ne da makiyaya, daga duwatsun Nuba, daga Darfur, daga bakin kogi. Ƙafafunsu na taɓa laka suka tuna gida.

Aka dawo wasa ya juye. Sun fi ƙuruciya, sun fi numfashi, sun san ƙwallo. Suka farke ɗaya. Audi ya kama biyu, ya ture ɗaya da gwiwa, suka farke na biyu. Kowa ya zama baƙi daga kai har ƙafa, ba ka bambanta soja da manomi sai a gudu. Ana faɗuwa ana dariya, wanda ya kayar da kai shi ke ɗaga ka. A tsakiyar fili kuwa wani dogon layi ya fara lotsawa, daidai inda tsohuwar magudana take, ruwa na tsattsafowa yana bin sa. Hogen da aka zuba sun narke. Masu gudu suna tsallake shi ba su kula ba.

Mulazim ya duba agogo, ya ɗaga yatsa ɗaya. Minti ɗaya. In aka tashi biyu da biyu, Audi na da bakin cewa ba a ci shi ba, a sake zama.

Sai ƙwallo ya faɗo gaban Jibirin. Ya wuce ɗaya, ya wuce biyu, Mati ya zube a gabansa kamar buhu ya tsallake shi. Saura shi da Audi, taki goma. Sojoji ɗari biyu suna kiran sunansa da murya ɗaya.

Ya rage gudu. Audi ya ga idonsa, ya ga ƙafarsa ta karkata za ta aika ƙwallon waje. Ya kuma ga shawish a bayansa, da ƙaton nan, da sauran, duk sun zuba ido. Za su gane. Yaro irin wannan ba ya kuskure daga taki goma. Za su ce ya sayar da su don ɗan yarensu, kuma da waɗannan mutanen zai shiga daji, inda ran mutum ke hannun wanda ke bayansa.

Audugar ta gilma a idon Audi, da fuskar Hannatu.

"Buga, ɗana!" ya daka masa tsawa da Hausa. "Buga da gaske! Da su za ka tahi!"

Jibirin ya buga. Audi ya yi tsalle da iyakar ƙarfinsa, bai yi ha'inci ba, yatsunsa har sun shafi fatar. Ƙwallon ya wuce. Usur ya tashi.

Yana kwance cikin laka ya ji filin ya ɗauki ihu. Sun ɗaga Jibirin sama suna zagayawa da shi, shi kuwa yana ta waigen Audi. Manoma suka yi cirko-cirko. Mati ya zo ya ɗaga shi, ko wasa ɗaya bai yi ba.

"Janabu, dubi nan!" Shawish ne, tsaye a tsakiyar fili, ruwa na gudu a kan idon sawunsa. Layin nan ya buɗe ya zama ƙorama, ta raba filin biyu, ta faɗa tsohuwar magudana a ɗaya gefen ta miƙe. "Tsohon nan ya yi mana dabara! A kawo shebur!"

Mulazim ya tako ya tsaya gaban Audi. Ba ya dariya.

"Ka san haka za ta faru."

"Na sani, Janabu. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Na so audugar ta ɗan jiƙa maƙoshi ko da an ci mu. An kuwa ci mu. Fili naku ne, ku toshe."

"Me ka ce wa sojana kafin ya buga?"

Jibirin, da aka sauke shi, ya ƙame ya fassara da Larabci, kalma da kalma. Waɗanda ke kusa suka ji, suka gaya wa na baya. Hayaniya ta kwanta.

Mulazim ya cire tabaransa. Ya juya ya bi ruwan da ƙafa, jama'a na biye, har bakin hawasha. Ruwan ya shiga kunya bakwai na farko, ganyensu har ya fara ɗagowa. Sauran gonar, fiye da kashi uku cikin huɗu, tana nan a sunkuye.

"Kwana nawa take bukata?"

"Yini biyu, in an buɗe sosai."

"In na bar ruwa, fili ya mutu." Ya waiwaya ya dubi mutanensa, sun yi tsaye da shebur a hannu, laka na bushewa a jikinsu. "Alkawari kuma nasu ne, sun ci da guminsu. Gobe da la'asar me zan ce musu?"

"Ka ce musu su zo masussuka."

Hannatu ce. Ta ratso maza ta tsaya, lulluɓi a baki, tana magana da Larabcinta na kasuwa.

"Iya Hannatu," Mati ya ce da Hausa, "an fa taru an yanke..."

"Ku kunka yanke. Mu ke share ta, mu ke daɓe ta da hannunmu. Kun ce kuna tsoron soja, to ga su nan kun yi birgima da su cikin taɓo, wa sunka cinye? 'Ya'yan wasu na, uwayensu na can ba su barci." Ta juya ga Mulazim. "Sati uku kafin a yanke dawa. Daga la'asar zuwa magariba. Ba mai leƙa gida, ba mai taɓa tulun kowa sai an ba shi. Kuma ba takalmi, kada ku farfasa mana daɓe."

Matan da ke bayanta suka amsa. Mati ya dubi dattawa, dattawa suka dubi ƙasa.

"To ai ni ma abin da nike shirin faɗi ke nan," Mati ya ce.

Mulazim ya mayar da tabaransa. "Shawish! Masu shebur su shiga magudana. A kwashe ƙasar nan duka, har ƙasan ta, kafin magariba."

Ba su jira an maimaita ba. Mutum arba'in suka faɗa ciki suna waƙar aiki, ƙaton nan a gaba, Jibirin na nuna musu yadda ake gyara gefe kada ya zube. Kafin liman ya kira salla ruwa ya taho da ƙarfinsa, ya cika abu ishirin baki da baki. Audi ya karɓi fartanya ya shiga gonarsa yana buɗe kunya ɗaya bayan ɗaya, ƙasa na sha tana ƙara kamar mai kwankwaɗar kunu.

Kwana goma sha ɗaya suka yi suna wasa a masussuka, ƙafa tsirara, mata na aiko musu da ruwan sanyi da dafaffiyar gyaɗa. Sau biyu Audi ya sake ɗinke ƙwallon. Mati bai ƙara cin ko ɗaya ba, amma bai daina ba da labarin na farkon ba.

Ran da jirgi ya yi kuka a Hajj Abdalla, Jibirin ya biyo ta hawasha da kayansa a baya. Audi na tsakiyar audugar, ta kai masa cinya, fure rawaya ko'ina, wasu har sun ɗaura ƙwallo. Ya fito ya ciro basillarsa da ƙullin zare mai kitse ya danƙa masa.

"Ɗinki biyu-biyu, ka ga yadda nike yi. Kada ka bari su kwana ba ƙwallo."

"In na dawo zan maido ma, Baba."

"Ka maido da hannunka. Ban karɓa daga hannun wani."

Jibirin ya sa ta a aljihun ƙirji ya ɓalle maɓalli, ya sara masa, ya bi sahun 'yan'uwansa da gudu. Audi ya tsaya har suka sha kwanar babbar magudana, sannan ya koma cikin gona. Akwai kunya biyu a can ƙarshe da ciyawa ta fara kamawa.